Renon furen okid a Jos da ɗaukar hotonsa da launinsa na gaskiya

Okid wani irin furen ado ne. Na farko da ya shigo gidanmu a Jos kyauta aka kawo mini, yana ɗauke da fararen furanni 9 a kan kara guda. Da furannin suka kaɗe, sai na yi masa abin da nake yi wa wardi da sauran furannin tsakar gida: na cire shi daga 'yar robar da ya zo a ciki, na dasa shi a tukunya cike da baƙar ƙasa da takin shanu, ina ba shi ruwa safe da yamma. Bayan kamar mako shida ganyayen suka fara yamutsewa, na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ranar da na zazzage tukunyar sai na tarar saiwoyin sun koma ruwan ƙasa, sun yi laushi, in an matsa sai ɓawon ya saɓule ya bar siririn zare a hannu. Ruwa ne ya kashe shi alhali yana nuna alamun ƙishirwa, domin saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan komai.

Dalilin haka yana ga asalin shukar. Dangin okid suna da jinsi kusan 28,000 a duniya, kuma mafi yawan waɗanda ake sayarwa don ado ba a ƙasa suke tsirowa ba. A dazuzzukansu maƙalewa suke yi a jikin bishiya, saiwoyinsu a fili, ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar da su cikin 'yan sa'o'i. Ba sa tsotsar bishiyar kamar yadda kauci ke yi, wurin zama kawai suke nema a jikinta. Saiwar tana da wani farin ɓawo mai kama da soso wanda ke zuƙe ruwa nan take, amma yana bukatar ya bushe ya sha iska kafin a sake jiƙa shi. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya fahimci rabin renon okid, sauran kuwa lura ce da yanayin garin da yake zaune.

Zaɓen iri da duba shuka kafin a biya kuɗi

Ga mai farawa, shawarata ita ce Phalaenopsis, wanda asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya ne, ƙasashe irin su Filifin da Indunusiya. Shi ne mai faffaɗan ganye da furanni masu kama da malam buɗe littafi, yana jure zaman ɗaki, kuma furensa kan yi wata biyu zuwa uku bai kaɗe ba. Dendrobium mai dogon kara yana son rana da zafi fiye da shi, saboda haka ya fi dacewa da baranda a Abuja. Jos kuwa tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin darenta, wanda ya sa dankalin Turawa da kabeji da sitiroberi suke yi a ƙasar Filato, yana ba mu damar gwada Cymbidium, wanda ba ya fure sai ya sha sanyin dare sosai. Akwai kuma namu na Afirka, Ansellia africana, mai furanni ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kamar fatar damisa. Sunan ya samo asali ne daga John Ansell, wanda ya tsinci shukar a tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko a ƙasar Equatorial Guinea, lokacin balaguron Kogin Neja na 1841. Yana da ƙarfin hali, yana jure rani, kuma ina ganin ya cancanci a fi kula da shi a gidajenmu.

A wurin mai sayarwa kada kyawun fure ya ɗauke hankali, a fara duba saiwa. Idan tukunyar ta roba ce mai nuna ciki, a ɗaga ta a duba: lafiyayyar saiwa tana da kauri da tauri, fara-fara ce in ta bushe, koriya in ta jiƙe, kuma bakinta yana sheƙi. A riƙe shukar a ɗan girgiza a hankali, in tana rawa a cikin tukunya to saiwar ta yi ƙaranci. A juya bayan ganye a duba ko akwai farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga, sannan a leƙa tsakiyar kai inda sabon ganye ke fitowa, domin baƙi ko laushi a wurin alamar ruɓa ce da wuya a warkar. In an ga Phalaenopsis mai shuɗi kamar ruwan bula, a sani rini ne aka yi wa karan furen allurarsa, sau da yawa ma ana iya ganin tabon allurar a gindin karan, kuma furen da zai biyo baya fari zai fito. Ba laifi mutum ya saya in ya san haka, laifin a ɓoye masa ne.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya. A cikin ciyayin tuddan Filato akwai okid na ƙasa irin su Eulophia da Habenaria, wasu kan fito da fure a farkon damina. Kada a haƙo su a kai gida. Rayuwarsu ta dogara da wasu ƙananan halittun naman gwari da ke cikin ƙasar wurin, galibi mutuwa suke yi in an raba su da ita, kuma dukan dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 wadda ke sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, Najeriya kuwa tana cikin yarjejeniyar. Wanda ya gamu da su a wajen duwatsun Shere ya ɗauki hoto ya bar su a inda ya same su.

Tukunya da abin da ake zubawa a ciki

Sabuwar shuka a ware ta daga sauran na tsawon mako uku, a bar ta ta gama furenta kafin a taɓa tukunyar, sai fa in an ga ruɓa. Idan lokacin sauya tukunya ya yi, a tanadi gawayin itace mai tauri, a farfasa shi kamar girman goro ko ɗan ƙasa da haka, a wanke ƙurar. A samo ɓawon kwakwa mai zare, a yanka gunduwa-gunduwa, a jiƙa shi kwana uku ana sauya ruwan kullum, saboda yana ɗauke da gishirin da ke ƙona saiwa. A ƙara tsingaron fasasshiyar tukunya. Ni kan haɗa kashi biyu na gawayi, kashi biyu na ɓawon kwakwa, kashi ɗaya na tsingaro. Mazaunin Abuja zai iya ƙara ɓawon kwakwa don ya riƙe danshi, wanda kuma shukarsa ke baranda a Jos inda ruwan Agusta ba ya ɗaukewa ya ƙara gawayi.

Tukunyar ta zama ƙarama, daidai cin saiwoyin, domin babbar tukunya kan riƙe ruwa a tsakiyarta kwana da kwanaki. In ta roba ce a huda ta da ƙusa mai zafi a gindi da kewaye. In ta ƙasa ce a roƙi maginin tukwane ya huda gefunanta tun tana ɗanya. Ta roba mai nuna ciki ta fi wa mai koyo amfani, tunda yana ganin saiwar da idonsa, kuma yana iya ɗora ta cikin wata tukunyar ado.

A jiƙa saiwoyin minti 10 don su yi taushi kada su karye, a zare shukar, a kakkaɓe tsohon abin da ke jikinta. Duk saiwar da ta yi laushi ko ta zama fanko a yanke ta da sabuwar reza. Reza ɗaya ga shuka ɗaya, domin akwai cututtukan bairos na okid da ke bin bakin wuƙa daga wannan zuwa waccan, kuma ba su da magani. A barbaɗa garin kirfa kaɗan a inda aka yanke ganye ko kara, amma kada a zuba shi a kan lafiyayyar saiwa, yana busar da ita. A riƙe shukar a tsakiyar tukunya yadda gindin ganyen ƙasa zai zo daidai da baki, a riƙa zuba haɗin ana bubbuga gefen tukunyar har ya zauna, ba tare da an danna da ƙarfi ba. Saiwoyin da suka saba zama a iska a bar su a waje. Bayan haka a dakata kwana uku kafin a ba da ruwa. Ana maimaita wannan aiki kusan duk shekara biyu, ko da zarar ɓawon kwakwar ya fara rududdugewa yana warin ruɓa.

Haske, ruwa da iska

Tagar gabas ita ce mazaunin Phalaenopsis: ranar safe ta taɓa shi, kafin hantsi ya dubi ludayi ya koma inuwa mai haske. Tagar yamma sai da labule mai shara-shara. Ganye shi ke ba da labari. Kore mai duhu sosai yana nufin hasken ya yi kaɗan, shukar za ta yi ta ganye ba fure. Kore mai ɗan haske shi ake so. In ya fara komawa ruwan ɗorawa ko wani farin tabo ya fito wanda daga baya ya yi baƙi, rana ta ƙona shi, kuma a kan tudu irin na Jos rana kan yi ƙuna ko da iska tana da sanyi. A sa hannu tsakanin taga da ganyen da tsakar rana: inuwa mai dushi-dushi daidai ce, inuwa mai kaifin gefe ta yi yawa.

A batun ruwa ne nake son a dakata, domin a nan yawancinmu ke asara. Ba a bin kalanda, saiwa ake bi. In saiwoyin da ke cikin tukunya suna kore, ko ana ganin raɓa a jikin robar, a jira. In sun koma fari-fari kamar azurfa, tukunyar kuma ta yi sauƙi a hannu, lokaci ya yi. A sa tukunyar cikin kwano mai ruwa minti 10 zuwa 15, a ɗaga, a bar ta ta tsane sarai, kada a bar gindinta zaune cikin ruwa. Da safe ake yi, don komai ya bushe kafin dare. In ruwa ya shiga tsakiyar kai, a naɗe 'yar takarda mai tsotsar ruwa a zuƙe shi, domin ruwan da ya kwana a wurin cikin sanyi yana iya ruɓar da shukar cikin mako guda. A gidana, lokacin hunturu ruwa kan kama duk kwana huɗu ko biyar, a tsakiyar damina kuwa sai a yi kwana goma ban ba da ba. Wannan lissafin gidana ne, kowa ya nemo nasa.

Ruwan sama ya fi kowane, kuma mu a Jos muna samunsa daga Afrilu zuwa Oktoba, sai a tara a jarka mai murfi, a bar na farkon damina ya wanke rufi tukuna. Ruwan burtsatse yana yi, amma in aka ga farin gishiri yana taruwa a bakin tukunya sai a riƙa surka shi da na sama. Ruwan da ya kwana a waje a watan Disamba a bar shi ya huce sanyinsa a ɗaki kafin a zuba. Akwai masu cewa a riƙa ɗora ƙanƙara a tukunya maimakon ruwa, ni dai ban yarda da haka ga shukar da ta fito daga dajin ƙasa mai zafi ba.

Takin zamani na buhu da ake watsa wa masara kada ya kusanci okid. A nemi wanda ke narkewa a ruwa, irin mai lamba 20-20-20, a narka rubu'in cokalin shayi a lita 4, a ba da shi bayan an riga an jiƙa saiwar da ruwa zalla. Sau ɗaya cikin kowane shayarwa biyu ya isa, sannan sau ɗaya a wata a kwarara ruwa mai yawa ya wanke gishirin da ya taru.

Hunturu yana zuwa da abu uku. Na farko sanyi: daren Disamba da Janairu a Jos kan sauka zuwa digiri 12 a ma'aunin Selshiyas, wani lokacin ma ƙasa da haka, Phalaenopsis kuwa ba ya son ya daɗe a ƙasa da digiri 15, saboda haka a shigo da shi ɗaki, a janye shi daga jikin gilashin taga. Na biyu bushewar iska: a zuba tsakuwa a faranti, a sa ruwa bai kai samanta ba, a jera tukwanen a kai kusa da juna. Na uku ƙura, wadda ke toshe ganye, sai a riƙa goge shi da tsumma mai ɗan danshi duk mako. A wannan lokacin ne wasu ƙananan ƙwari ja masu saƙa kamar gizo-gizo kan mamaye bayan ganye har ya yi fari-fari, goge-gogen nan shi ne rigakafinsu. Farin ƙwaro mai auduga a shafe shi da auduga da sifirit na asibiti, a maimaita duk mako har sau uku ko huɗu, ko a fesa man darbejiya da ɗan sabulu da yamma. Da damina kuwa dodon koɗi ne ke cin bakin sabuwar saiwa da dare, kuma ƙanƙarar da kan faɗo tare da ruwan farko a Jos tana yayyaga ganye, don haka a ajiye su ƙarƙashin rufi. Mutanen Abuja su kula da zafin Fabrairu zuwa Afrilu da ke wuce digiri 35, su kuma nisantar da shukar daga bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Sanyin nan da muke gudu shi ne kuma ke kawo fure. Phalaenopsis kan fitar da kara idan ya yi makonni yana samun dare mai digiri 16 zuwa 18, abin da Jos ke bayarwa kyauta daga Nuwamba. Karan kan ɓullo daga tsakanin ganyen ƙasa, bakinsa a ɗan baje da tsaga, saɓanin saiwa mai zagayayyen baki. Daga fitowarsa zuwa buɗewar furen farko akan yi wata biyu zuwa uku. A kafa masa siririn tsinke a ɗaure sako-sako, kuma da zarar ƙullin furanni sun fito a daina juya tukunyar, in ba haka ba kowanne zai fuskanci nasa ɓangaren. Hayaƙin janareta da na risho, da kwandon ayaba ko tumatir mai nuna a kusa, duk suna fitar da iskar etilin wadda ke sa ƙullin ya yi rawaya ya faɗi bai buɗe ba. Bayan furen ya ƙare, in karan ya bushe a yanke shi daga gindi, in yana kore kuma shukar na da ƙarfi ana iya yankewa a saman gaɓa ta biyu ko ta uku, wani lokaci ya yi reshe.

Hoton da ba ya ƙarya

Shekarar da wani Dendrobium nawa ya yi furensa na farko, mai launin shunayya da ya karkata zuwa ja, na ɗauki hoto na aika wa yayata a Abuja. Ta ce, "Wannan shuɗin nake so, in ya yi 'ya'ya ka ajiye mini." Na ce, "Yaya, ai ba shuɗi ba ne." Ta ce to ita abin da ta gani ke nan. Na ɗora wayar kusa da furen na duba, na ga gaskiyarta. Tun ranar na daina yarda da abin da waya ta zaɓa mini da kanta. Wanda ke sayar da shuka ko musayarta da abokai, hotonsa alkawari ne, kuma ko don tarihin shukarsa ma yana bukatar launin da zai iya dogara da shi.

Kuskuren yana fitowa daga wuri huɗu: hasken da ya sauka a kan furen, yadda kyamara ta fassara fari, yawan hasken da ta bari ya shiga, da fuskar wayar da ake kallo.

A fara da haske. Kowane haske yana da nasa launi, ana auna shi da ma'aunin Kelbin. Ƙwan lantarki mai ja-ja yana wajen 2,700 zuwa 3,000, ranar tsaka wajen 5,500, ranar hadari wajen 6,500, inuwa ƙarƙashin shuɗin sama kan wuce 7,000. Idon mutum yana gyara wannan bambanci bai sani ba, kyamara kuwa ƙiyasi take yi. Mafi sauƙi shi ne a kai shukar bakin taga ko baranda inda akwai haske mai yawa amma rana ba ta dukanta kai tsaye, tsakanin ƙarfe 9 zuwa 11 na safe, a kashe duk fitilun ɗakin. Haɗa hasken taga da na ƙwai yana ba gefe ɗaya na furen wani launi, ɗaya gefen wani, kuma babu gyaran da zai daidaita su duka. Fitilar caji da filashin waya a manta da su. In dole sai da fitila, a nemi ƙwan LED da aka rubuta wa CRI 95 ko sama, wato ma'aunin yadda ƙwai ke nuna launi daidai, domin masu araha suna tauye ja. A duba kewaye kuma: bangon da aka yi wa koren fenti, jar ƙasar tsakar gida, har rigar mai ɗaukar hoton, duk suna mayar da launinsu a kan farin fure. A ranar da hazon hunturu ya yi kauri hasken kan yi laushi mai kyau, amma yana karkata zuwa ruwan ɗorawa, sai an gyara.

Bayan furen a rataya yadi ruwan toka ko baƙin karammiski, a nisanta shi kamar kamu biyu. A gefen da ke inuwa a tsayar da farin kwali ya mayar da haske. In rana ta shigo, a rataya farin yadi mai shara-shara a taga. Ƙurar da ke kan kunnuwan furen a hure ta, kada a fesa ruwa, yana barin tabo. A goge idon kyamarar, a kafa wayar a kan mazauni mai ƙafa uku ko a jingina ta da littattafai, a sa ta ɗauka bayan daƙiƙa 3 don kada hannu ya girgiza ta.

Mataki na gaba shi ne daidaita fari, kuma shi ne zuciyar aikin. Kyamara in an bar ta tana ɗauka cewa launukan da ke gabanta in an gauraya su za su ba da toka-toka. Idan fure mai jan garura ya cika hoton, sai ta zaci hasken ne ya yi ja, ta ƙara kore don ta rage, launin ya lalace. Maganin shi ne katin ruwan toka, wanda masu sayar da kayan hoto ke kira katin kashi 18. A buɗe sashen Pro na kyamarar wayar, a kunna RAW in akwai, wato tsarin ajiye hoto ɗanye ba tare da wayar ta gyara shi ba, a taɓa alamar WB ta daidaita fari a tsayar da ita a lamba ɗaya, misali 5,500, don kada ta riƙa sauyawa daga hoto zuwa hoto. A riƙe katin dab da furen, yana fuskantar kyamara, hasken da ke kan furen yana kansa, a ɗauki hoto ɗaya. A janye katin a ɗauki sauran ba tare da an sauya komai ba. In gajimare ya rufe rana, a sake hoton katin. Farar takardar ofis ba ta maye gurbinsa sosai, saboda ana sa mata sinadarin ƙara fari da ke sa ta yi shuɗi-shuɗi a hasken rana, sai hoton ya koma rawaya bayan gyara. Mai son ya zurfafa ya nemi allon launuka na ColorChecker mai gida 24, wanda ake amfani da shi tun 1976.

Sai yawan haske. A bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a mafi ƙanƙanta, 50 ko 100. Mai babbar kyamara ya tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11 don leɓen furen, wato kunnen da ke tsakiya daga ƙasa, da sauran kunnuwansa su fito tare. Furanni masu ja ko jan garura mai ƙarfi suna cika ma'ajin ja na kyamara tun kafin hoton ya yi kama da mai haske da yawa, sai jijiyoyin furen su ɓace ya zama kamar an shafa fenti. A rage hasken da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki, wato -0.3 ko -0.7 a sandar EV ta ƙara haske ko rage shi. Da baƙin yadi a baya ma haka, domin kyamara kan so ta haskaka baƙin ta ƙona farin fure. A kashe duk wani tace na ƙawata hoto, da tsarin nan da ke gane fure ya ƙara masa launi da kansa.

A wurin gyara, manhajoji irin su Lightroom da Snapseed suna da alamar ɗigo ta daidaita fari. A buɗe hoton katin, a taɓa katin da ita, a kwafe lambobin da suka fito a sa wa sauran hotunan. Yawancin furanni, fari da rawaya da ruwan hoda, a nan aikinsu ya ƙare. Shunayya da shuɗi ne masu gardama. Kyamara tana gani ne ta matatai uku, ja da kore da shuɗi, kuma ba ta auna iyakar shuɗi da iyakar ja yadda ido ke yi, shi ya sa shunayya kan koma shuɗi, wasu shuɗɗan furanni kuma su fito da ruwan hoda. Ko katin toka ba ya gyara wannan. Sai a shiga sashen da ake gyara launi ɗaya-ɗaya, a zaɓi shuɗi ko shunayya kaɗai, a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan ana kallon furen na zahiri a hasken taga ɗaya, har su yi kama. Koren ganye shi ne shaida: in ya sauya, an wuce gona da iri. Sandar ƙara ƙarfin launi kuwa kada a taɓa ta.

Kafin wannan kwatanci a gyara fuskar wayar. A kashe tsarin kare ido na dare wanda ke sa ta yi rawaya, a sauya tsarin launi daga mai ƙyalli zuwa na asali a cikin saituna, a tsayar da haskenta a tsaka-tsaki. A ajiye hoton ƙarshe a tsarin launi na sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, shi ne yawancin wayoyi da shafukan intanet ke fahimta. Akwai launukan okid masu ƙarfin da tsarin ba ya iya ɗauka gaba ɗaya, a irin wannan hali gara hoton ya ɗan yi sanyi jijiyoyin furen suna nan, a kuma rubuta bayani a ƙarƙashinsa. Masu rajistar iri kan kwatanta fure da jadawalin launuka na ƙungiyar masu lambu ta Ingila, wato RHS, wadda ita ce ke riƙe da rajistar haɗaɗɗun irin okid ta duniya, amma ga mai reno a gida cewa "shunayya mai karkata zuwa ja, leɓen ya fi duhu" ya wadatar. In za a aika ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoton. Wayar mai karɓa tana iya nuna shi daban, shi ya sa ga mai saye nake haɗawa da hoton da katin ke ciki, in katin ya yi masa shuɗi ko rawaya ya san daga wayarsa ne.

Kowane hoto a sa masa sunan shukar da kwanan wata. Ni kan ɗauki hoto uku na kowace tukunya a farkon wata, ko da fure ko babu: ganye daga sama, saiwa ta jikin roba, da tsakiyar kai, duk a taga ɗaya da katin a gefe. Da haka ne na gane cewa ganyen wani Phalaenopsis ya yi ta duhu tun daga Yuli zuwa Satumba, abin da idona bai kama ba saboda kullum ina ganinsa. Na matsar da shi kamu ɗaya kusa da tagar gabas, a ƙarshen Nuwamba kara ya ɓullo daga ƙarƙashin ganye na uku.